Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jigawa: mun binne Baba Soja, amma akwai sauran irinsa

Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da 'yan majalisarka, ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙasar Roni, inda nake koyarwa a makarantar firamare. Yau mako uku ke nan da muka binne wani tsoho namu. Ba ta'aziyya nake nema ba, an yi zaman makoki an tashi, baƙi sun koma garuruwansu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 15 ga Janairu na tafe, ranar da ake tunawa da 'yan mazan jiya, za a ajiye furanni a Dutse, a saki fararen tattabaru, a yi addu'a a masallaci da coci. Ina so idan ka sunkuya za ka ajiye naka furen, ya zamana akwai mutum guda takamaimai da ka san labarinsa.

Baba Soja muke ce masa. Ba zan rubuta ainihin sunansa ba, domin 'ya'yansa ba su ba ni wannan izinin ba, kuma ko a garinmu idan ka tambaya da sunan sai an yi shiru an yi tunani kafin a gane wa kake nufi. Ƙanin kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi. Shi kuwa Kirista ne, dattijon ikilisiya a cocin ECWA na ƙauyenmu, Bahaushe gaba da baya, bai san wani harshe ba in ban da Hausa, sai ɗan Turancin fareti da ya maƙale masa a baki. Takardar haihuwa babu. Abin da ya riƙe shi ne mahaifiyarsa ta gaya masa tana goye da shi aka naɗa Abdullahi Bayero Sarkin Kano. An yi wannan naɗi a 1926. Ka ga ke nan shekara ɗari ce ya taɓa, ko ya kusa.

Gidanmu a wancan zamani Maguzawa ne, noma da farauta, da tsafin kakanni a gindin tsamiya. Ana tsakiyar yaƙin Hitila saƙo ya zo daga hakimi zuwa ga dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni ya ce Turawa na neman samari, kowace unguwa ta kawo nata. Maza biyu ne a gandun mahaifinsu. Babban, wato kakana, bai daɗe da aure ba, matarsa na da ciki. Sai ƙaramin ya ce shi zai je. Kakana ya rayu har ya mutu yana faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ƙaninsa a madadinsa ya tafi. Cikin nan da ake magana shi ne na mahaifina. Saboda haka, Ranka ya daɗe, wannan wasiƙa akwai biyan bashi a cikinta, ba zan ɓoye maka ba.

Da ƙafa aka kai su Kano. Daga nan jirgin ƙasa, bariki, atisaye, sai Ikko, inda yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba ya shiga jirgin ruwa ya yi makonni bai ga tudu ba. An sauke su a Indiya a 1944. Ƙarshen shekarar suka shiga Boma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, a yankin Arakan. Rundunarsu ita ce ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda birged biyu cikin ukunta 'yan Nijeriya ne, ɗayar kuma mutanen Gwalkwas ne, Gana ta yau. Runduna ta 81 ta riga su zuwa, tana kwarin Kaladan.

Ba bindiga ce aikinsa ba, kuma bai taɓa ƙara wa kansa gishiri a kan wannan ba. Dako ya yi. Inda suka bi a Arakan babu hanyar mota: duwatsu ne, da rafuka, da dajin gora mai duhu da rana tsaka. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi da lema, sannan a tattara a ɗora wa mutane a ka, su hau dutse su gangara, su ratsa ruwa iya wuya, su kai wa masu harbi. An ware dubban sojoji musamman don wannan aiki, sanye da kaki kamar kowa, cikin hatsari ɗaya da kowa, sai dai yawancinsu adda ce kawai a hannunsu. Har ma alamar da rundunar ta 82 ke ɗinkawa a kafaɗa ta shaida haka: mashi biyu ne a giciye bisa gammo. Gammo dai da ka sani, wanda matan ƙauyenmu ke naɗawa su ɗauko tulu. Baba Soja na alfahari da wannan alama fiye da lambobinsa. Ya kan ce masu zanen sun yi adalci, don sun san ba a yi yaƙin ba sai da wuyan 'yan dako.

Mun sha zama da shi a zaure muna yara, muna jiran labarin jarunta, irin wanda ake harbi ana ihu. Ba ya bayarwa. Labarin ruwan sama yake bayarwa, wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya kwana da kwanaki, har bargo ya yi funfuna, ƙafa ta ruɓe a cikin takalmi. Sai matsattsaku da ke shiga ko'ina a jikin mutum, a ƙona su da wutar taba kafin su saki. Sai zazzaɓi da atini, waɗanda ya ce sun kwantar da mutane fiye da harsashin Jafan. Kuma idan sun kai kaya gaba ba sa dawowa hannu rabbana, waɗanda aka ji wa rauni suke ɗaukowa, mutum huɗu a kan gado ɗaya, a kan hanyar da ko akuya sai ta yi tunani. A nan ne kawai muryarsa ke sauyawa.

Akwai wani abokinsa a cikin 'yan dakon, mutumin ƙasar Filato, wanda ke da Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙunshe cikin tsumman roba. An gama fassara littafin gaba ɗaya an buga shi a 1932, saboda haka a lokacin bai daɗe a hannun mutane ba. Idan sun sami sarari sai abokin nan ya buɗe ya karanta a hankali, Baba Soja na gefe yana saurare, shi da bai san ko baƙi ɗaya ba. Ya ce abin da ya fara kama shi ba wa'azi ba ne, mamaki ne: ga shi a bayan duniya, cikin dajin da ko sunan itatuwansa bai sani ba, amma takarda na magana da harshen uwarsa. Daga baya aka harbi abokin a ciki. Baba Soja na ɗaya daga cikin huɗun da suka ɗauko shi, kuma a kafaɗarsu ya cika kafin su isa wurin likita. Suka haƙa rami da adda a bakin wani rafi suka rufe shi. Littafin ya zauna a hannun Baba Soja. A wajen birnin Yangon, a maƙabartar Taukkyan, akwai ginshiƙan da aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da suka mutu a yaƙin Boma ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da namu na Afirka ta Yamma. Da na gaya masa haka wata rana, sai ya yi shiru, can ya ce shi dai ya san wurin, in an kai shi zai nuna.

An kama garin Myohaung a Janairun 1945. Jafan ta miƙa wuya a Agustan shekarar. Su kuwa sai da suka yi watanni suna jiran jirgin da zai dawo da su, a cikin zaman jiran nan ya koyi karatun boko a ajin da ake yi wa sojoji, yana haɗa baƙi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake aiko musu daga Zariya. A 1946 ya sauka gida.

Ranka ya daɗe, ka duba sunayen barikokin sojan ƙasar nan. Myohaung, Arakan, An, Tamandu da Dodan a Ikko, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Duk daga yaƙin Boma aka samo su. Daga barikin Dodan aka yi ta mulkin Nijeriya har aka koma Abuja a 1991. Sunayen wuraren sun zauna a kan ƙofofi da takardun gwamnati. Mutanen da suka taka wuraren da ƙafarsu kuwa sun koma ƙauyuka irin namu sun ɗauki garma. Na tambayi 'yan aji shida na makarantarmu ko sun san me ya sa ake ce wa tsohon nan Soja, yara kusan hamsin, biyu ne suka ce an ce ya taɓa yaƙi, su ma sun ɗauka na Biyafara ne. Laifin namu ne malamai kafin ya zama na kowa.

Da ya dawo, kuɗin sallamar da aka ba shi ya sayi bijimi da su, ya yi aure. Mutane na ɗari-ɗari da 'yan Boma a lokacin, ana cewa sun dawo da zafin kai. Shi nasa zafin kan ɗaya ne: ya ce ba zai ƙara cin yankan tsafi ba, ba zai ƙara shan giya ba. Ya riƙa takawa zuwa wurin 'yan mishan na SIM da ke Roni, har aka yi masa baftisma. Mahaifinsu ya yi fushi, ya yi shekara ba ya amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa zuwa kowace safiya ya durƙusa a ƙofar ɗaki ba. Kakana kuma ya musulunta a zamanin Sardauna, farkon shekarun 1960, lokacin da gidajen Maguzawa da yawa suka karɓi kalmar shahada. Sai ga gida ɗaya ya rabu biyu, an ja danga a tsakiya. Amma sun bar ƙofa a jikin dangar, kuma gandu ɗaya suka ci gaba da nomawa har kakana ya rasu. Ranar Juma'a ƙaramin ke duba shanu, ranar Lahadi babban.

Cocinsu a gindin bishiya ya fara, mutum bakwai ko takwas. Sai rumfar zana. Sai ginin ƙasa, wanda shi da kansa ya ɗebo ƙasarsa da ruwan kwaɓinsa a ka, har tsofaffin garin suka riƙa cewa Soja ya koma dako. A 1954 ne majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, nasu na ciki. Fastoci sun zo sun tafi, ban san adadinsu ba, wasu 'yan shekara biyu, wasu goma. Shi yana nan. Wani tsohon wilin mota ne a rataye a jikin darbejiyar ƙofar cocin, shi ne ƙararrawarsu, kuma fiye da shekara sittin hannunsa ne ke buga shi: da asuba don addu'ar safe, ranar Lahadi don sujada. Mu a ɓangarenmu mun tashi da sautuka biyu a kunne, kiran ladan, sannan can ƙasa-ƙasa ƙarar ƙarfen Baba Soja. Bai taɓa bugawa ana cikin kiran salla ba. Yana tsayawa da guduma a hannu har ladan ya sauke, sannan ya buga. Babu wanda ya sa shi, babu taron da aka zauna aka tsara haka.

Wurin zamansa ɗaya ne, benci na biyu ta hannun dama, kusa da taga don ya ga rubutu. Shi ke ƙirga baiko, wato kuɗin da masu ibada ke bayarwa a coci, bayan sujada, a gaban mutum biyu, kuma har ya ajiye aikin ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba. Idan damina ta yi kyau, dami ɗaya cikin goma na gonarsa coci yake kaiwa tun kafin ya zuba a rumbu. Da yana ta rufe masa ido aka kai shi asibitin ido na ECWA a Kano aka yi masa aiki, ya dawo yana murna kamar yaro, abin da ya fara nema shi ne tsohon littafin nan na abokinsa, wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa aka ɗinke shi da fatar akuya. Da ƙafa ta ƙi, jikoki suka riƙa tura shi a baro zuwa sujada, an shimfiɗa masa buhu. Wasu sun ce ya huta a gida mana, fasto zai zo ya same shi. Ya ƙi. Shekara biyar da suka wuce ne ya miƙa wa wani jikansa gudumar, bayan ya nuna masa inda ake bugawa ƙarar ta yi nisa.

Ba zan yi maka kwalliya ba, zamanmu ba kullum ne zuma ba. Akwai masu ce masa arne a bayan ido, akwai masu faɗa a gaban ido. Ni ma na faɗa. Ina ɗan shekara tara, manyan ɗalibai a makarantar allo suka ce mana ba a shan abu a ƙwaryar irinsu. Na biyo ta zaurensa da rana, ya miƙo mini fura kamar yadda ya saba, na maƙe kafaɗa, na faɗi kalmar. Ƙanin kakana ne fa, wanda ke goya ni zuwa gona. Bai ce komai ba, ya mayar da ƙwaryar ya ajiye. Ranar kasuwa sai ya sayo sabuwar ƙwarya da ludayi, ya rataye su a zaure, ya gaya wa mutanen gidansa kada wanda ya taɓa, na malam ƙarami ne. Ni ke nan. Mahaifina da ya ji labari ya yi mini faɗan da ban manta ba, liman kuma ya zaunar da ni ya karanta mini haƙƙin maƙwabci da haƙƙin zumunci. Amma ƙwaryar nan ta fi komai shiga raina. Na girma na je na roƙi gafararsa, ya ce shi bai riƙe komai ba. Ƙwaryar dai bai sauke ta ba, ya ce ta zama tawa, har ranar da ya rasu tana nan a rataye, ta yi baƙi da hayaƙi. Kowace Kirsimeti kuma mahaifina yake kira ya yanka masa akuya, don kowa a gidan ya ci ba tare da wasu-wasi ba. Da mahaifina ya rasu aikin ya dawo kaina.

Lambobinsa biyu suna cikin wani gwangwani, ɗaya ita ce Tauraron Boma. Takardar sallamarsa kuwa gara ta cinye ta tun kafin a haife ni, wata shekara da rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Wannan ita ce ta raba shi da duk wani abu da ake cewa ana ba tsofaffin sojoji. Sau uku ya yi tattaki zuwa wani ofis a birni don tantancewa, biyu ni na raka shi. Kowane zuwa amsar ɗaya ce: ina takarda? Ya buɗe gwangwani, ya faɗi lambarsa ta soja da ka ba tare da ya yi tuntuɓe ba, a ce wannan ba hujja ba ce. Wani ya ce mana ai shi Ingila ya yi wa aiki, ba Nijeriya ba. A zuwa na ƙarshe ya yanke jiki ya faɗi a kan layi, muka yayyafa masa ruwa, muka hau mota muka dawo. A hanya ya ce mini mu bar maganar haka, abin da gona ke bayarwa ya isa. Bai ƙara tayar da ita ba. Ni ne na kasa haƙura, har yau.

Daren Asabar ya cika, cikin sanyin hunturu, bayan ya sha kunu ya sa an karanta masa Zabura. Mutanen cocinsa suka ce ya tafi gida. Mu muka ce rai ya yi halinsa. Samarin gari ne suka haƙa kabarin, namu da nasu, ana karɓa-karɓar diga don ƙasar ta bushe. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka zo daga ƙauyuka da yawa cikin zanensu iri ɗaya, da tulunan kiɗa da caki, suka yi ta waƙoƙin da yake so. Fasto ya karanta Zabura ta 90, inda aka ce kwanakin mutum saba'in ne, in da ƙarfi tamanin, ya ce wannan bawan Allah an yi masa gyara mai yawa a kan mudu. Liman da dagaci sun zo gaisuwa, sun daɗe a zaune. Babu tuta a kan akwatin. Babu mai busa bigila, babu ko mutum ɗaya cikin kaki. Ana shirin saka shi sai wani tsoho daga ƙauyen gaba da mu, wanda ya yi yaƙin basasa, idonsa ya tafi, ya ce a tayar da shi tsaye. Jikansa ya riƙe shi, ya jingine sandarsa, ya ƙame, ya sara. Hannunsa na rawa amma bai sauke ba har aka fara tura ƙasa. Wannan ita ce duk karramawar soja da Baba Soja ya samu, kuma ba daga hukuma ta fito ba.

To ga abin da ya kawo ni, Ranka ya daɗe. Na san fansho na soja ba a hannun jiha yake ba, na tarayya ne, ba kuma zan roƙe ka abin da ba naka ba. Amma sanin mutanenka naka ne. Hanyar da aka bi aka ɗebe su tana nan ba ta mutu ba: daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Idan wannan hanya ta iya zaƙulo yaro ɗan shekara goma sha takwas daga bayan rumbu ta kai shi Boma, ba za ta kasa gano tsohon da ke kwance a zaure ba. Masarautu biyar gare mu, Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim, ƙananan hukumomi 27. Takarda ɗaya daga ofishinka ta isa a ce kowane mai unguwa ya kawo sunan duk tsohon soja da ke unguwarsa, da na matar da tsohon soja ya mutu ya bari. 'Yan Boma in sun rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amma akwai waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa. Akwai 'yan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ƙaraminsu yanzu ya haura saba'in. Akwai na Laberiya da Saliyo. A haɗa hannu da ƙungiyar tsofaffin sojoji, amma kada a tsaya kan rajistarta kaɗai, domin irin su Baba Soja, waɗanda takardunsu suka salwanta, ba sa cikin kowace rajista. Shaidar mai unguwa da ta liman ko fasto, da lambar da mutum ya riƙe a ka, ya kamata su wadatar a matakin jiha.

In an same su, a sa su cikin shirin kula da lafiya na jiha kyauta, su da matansu. Jigawa ba baƙuwar irin wannan ba ce, tun zamanin Sule Lamido aka fara ba naƙasassu alawus na wata-wata. Sannan a tura masu naɗar murya. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, muna da gidan rediyon jiha. Ɗalibi ɗaya da waya a hannu, yini biyu a zauren tsoho, ya isa ya ceto abin da babu shi a kowane littafi. Ni na yi sakaci, ina ta cewa sai hutu mai zuwa zan zauna da shi in naɗa. Abin da na rubuta maka a nan shi ne abin da kaina ya riƙe, kuma na san wanda ya zube ya fi yawa.

Akwai kuma maganar maƙabarta, ita ce ta fi mini nauyin faɗa. Inda muka binne shi wani ɗan fili ne a bayan coci, wanda shi da kansa ya yanka daga gonarsa ya bayar tun da daɗewa. Babu takarda, babu katanga. Gonaki na matsowa kowace damina, shanu na bi ta kai, har garma ta taɓa shafar gefen wani kabari. Muddin dattawan da suka san iyaka suna raye babu rigima, amma suna ƙarewa. Ina roƙo a sa ƙananan hukumomi su auna irin waɗannan maƙabartu na Hausawa Kiristoci, a ba su takarda, a kewaye su kamar yadda ake kewaye namu. Wasu za su ce me ya haɗa Musulmi da wannan magana. Jini ne ya haɗa ni. Mutanen nan ba baƙi ba ne da za a ce in sun mutu a kai su garinsu. Nan ne garinsu, kakanninsu da namu rami ɗaya suka sha ruwa, kuma da yawa daga cikinmu a wannan yanki in muka ƙirga baya kaka biyu ko uku, gida ɗaya za mu tarar. Ranar zaɓe suna kan layi tare da mu. Kai gwamnansu ne kamar yadda kake namu.

Ranar 15 ga Janairu kuma, bayan an gama na Dutse, ina fata a ce kowane shugaban ƙaramar hukuma ya ɗauki ƙafa ya je gidan tsohon soja ko da ɗaya ne a yankinsa, ya cire takalmi ya shiga zaure, ya zauna a tabarma, ya ce gwamna na gaishe ka. Ko bai kai komai ba sai goro da bargo. Na san abin da wannan zai yi wa Baba Soja da an yi masa. Da ya sa an ciro masa gwangwanin nan, ya maƙala lambobinsa a rigarsa ta zuwa coci, ya yi mako yana ba da labari.

Gwangwanin yana hannuna yanzu, 'ya'yansa suka ce in ajiye, littafin kuma yana wurin jikan da ke buga ƙarfe. Idan ka turo wani, ya tambayi makarantar firamare, zan bar aji in raka shi. Tsohon nan da ya sara a bakin kabari yana nan da ransa, tafiyar rabin awa ce a babur daga wurinmu. Ba ya gani, amma kansa garau yake, yana iya lissafa maka garuruwan da suka bi tun daga Makurɗi har Inugu. Tari ya dame shi tun shigowar sanyin nan. Ina ganin da shi ya kamata a fara.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Wani malamin firamare daga ƙasar Roni